Faya-faye biyar na lissafa, uku za a kawo min: wanne da wanne zan bari?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'a. Yayana zai taso daga Ingila ranar Alhamis, ya ce in faɗi tsarabar da nake so. Bayan rasuwar Baba, garmahonsa ne ya faɗo a rabona, irin mai lantarkin nan na shekarun 1970. Na kai an sa masa sabon bel da allura, yanzu yana juyawa lafiya a gudunsa biyu, juyi 33 da juyi 45 a minti. Faya-fayan da ke gida duk na Baba ne: Shata, Ɗan Maraya, Jim Reeves. Ina so in ji wani abu na zamanina a kansa.

Yaya ya ce uku kawai, kuma kada kuɗin ya wuce fam 80. Ni kuwa biyar na ware, duk na 2024: Songs of a Lost World na The Cure, Hit Me Hard and Soft na Billie Eilish, Brat na Charli XCX, Romance na Fontaines D.C., da Funeral for Justice na Mdou Moctar. Duk na ji su a waya. Zuciyata ta fi karkata ga The Cure, don akwai waƙar da mawaƙinsu Robert Smith ya yi kan rasuwar yayansa, kuma ranar da na fara jin ta sai da na ajiye wayar na fita tsakar gida. Tambayata ga wanda ya zauna ya saurare su daga farko har ƙarshe: wanne ne ba ya gundura bayan wata shida?

Mai Shayin Kwana:
Wa alaikumus salam. Duk suna YouTube kyauta. Ka ce ya kawo maka turare ko takalmi.

Ɗan Tudun Wada:
Malam, ai na faɗa duk na ji su a waya. Ba wannan nake tambaya ba.

Maman Sadik:
Allah ya ji ƙan Baba. Ƙanena, cire Brat. Ba don ba shi da daɗi ba, na yi wata guda ba na kunna komai a mota sai shi, amma kiɗan rawa ne, yana son taro da lasifika mai ƙarfi. Yanzu ban ma tuna ranar da na kunna shi ta ƙarshe ba. Na Billie kuwa har gobe ina kai. Waƙa goma ce, ita da yayanta Finneas suka haɗa, kuma ba ta saki ko ɗaya ba kafin fitowar kundin, don so take a ji shi a dunƙule. Muryarta kamar raɗa take, sai dare ya yi, yara sun yi barci. Irin wannan shi ya dace da faifai.

Baban Hanifa:
Kafin ku ci gaba, ku bari in ba shi labarin abin da ya same ni, don har yau abin yana ci min rai. Romance ɗin nan da ya lissafa na yi oda, na haɗa da wani guda, ta hannun wani mai sayo wa mutane kaya daga waje. Naira dubu 95 na tura masa, kuɗin da na yi wata uku ina tarawa. Ya ce sati uku. Sai da aka yi wata huɗu. Kullum na kira, kaya suna hanya, kaya suna Legas, direba bai tashi ba. A ƙarshe cikin watan Maris, tsakiyar zafi, aka kira ni in zo tasha. Yaron mota ya zaro kwalin daga ƙarƙashin buhunan wani, kwalin da ɗumi kamar an sauke shi daga murhu.

Na isa gida na yi wanka, na sa shayi, na zauna. Ina zaro faifan daga rigarsa na ga bakinsa ya tashi kamar gefen gurasa. Na ɗora shi duk da haka. Allura ta riƙa hawa tana sauka, muryar mawaƙin tana lilo, kafin a kai rabin waƙar farko ta yi tsalle ta faɗa ta biyu. Na kira mutumin, ya ce zafin garinku ne, shi ba ruwansa. Na danne faifan da littattafai sati biyu, bai miƙe ba. Matata ba ta ce uffan ba, kuma shirun nata ya fi min zafi a kan faɗa. Faifai ba kayan ƙasar nan ba ne yanzu, ka nemi wani abu.

Gwanin Bakin Kasuwa:
Alhaji kada ka yar da shi. Tun asali aikin faifai rufe ƙwaryar fura ne, ka miƙa wa Maman Hanifa ta mayar da shi bakin aikinsa.

Baban Hanifa:
Kai komai wasa ne a wurinka. Dubu 95 fa.

Ɗalibi a Manchesta:
Sannu Baban Hanifa, amma nasa a jakar hannu za a riƙo, ba a motar haya ba. A tsaye ake ajiye faifai, nesa da taga, shi ke nan. Batun kuɗi: ni fam 26 na sayi Romance a wani shago a nan, fam 80 za ta isa uku har da canji. Kuma ina ba da shawarar a sa shi. Fontaines D.C. 'yan Dublin ne, sun bar kaushin kundayensu na farko, amma ganga da jita suna nan da ƙarfinsu.

Hajiya Ta Landan:
Wane fam 26? Ɗana ya sayi na Billie fam 38 a gabana. Uku ba za su zo a 80 ba, kada ka sa yaro ya ji kunyar yayansa.

Ɗalibi a Manchesta:
Hajiya, mai launi ya saya ke nan, su ne masu tsada. Baƙi zalla bai kai haka ba. Na The Cure ma iri biyu ne, akwai mai faifai ɗaya, akwai mai biyu.

Mai Shayin Kwana:
Ni wani ya ce min dubu 30 ake sayar da su a Abuja.

Baban Hanifa:
Dubu 30? To ni me na biya ke nan? Kun ga abin da nake faɗa.

Ɗan Abzin:
Ina mamaki an yi wannan doguwar magana babu wanda ya taɓa Mdou Moctar. Ni a Agadas na tashi, wannan jitar a gidan biki muka san ta tun kafin Turawa su ji labari. Funeral for Justice shi ne mafi zafi a cikin biyar ɗinka, ɗan'uwa. Tun daga waƙar farko jitar kamar gobara take, kuma ba soyayya yake rerawa ba: yana kuka kan harshen Tamashek da matasa ke saki, yana faɗa wa Faransa magana a fili. Lokacin juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 shi da ƙungiyarsa suna Amurka suna wasa, aka rufe iyaka, suka kasa komawa gida. A zaman nan suka sake ɗaukar waƙoƙin da jita marar lantarki, shi ne Tears of Injustice da ya fito a 2025. In da ni ne, su biyun zan ce a kawo, na uku in ɗauki The Cure.

Basakkwace:
Kuma kada a manta, kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da na'urar gyaran muryar nan irin ta waƙoƙin finafinanmu. Ta katin waya da Bluetooth ya yaɗu. Kiɗan Buzaye ne amma da hannunmu a ciki.

Ɗan Abzin:
Abzinawa dai, Malam. Da yawanmu ba ma son wancan sunan.

Basakkwace:
Afuwan, ban yi da niyya ba.

Gwanin Bakin Kasuwa:
To amma Ɗan Tudun Wada yana jin Tamashek ne? Zai zauna minti arba'in bai san me ake cewa ba.

Maman Sadik:
Kai kana jin Indiyanci ne da ka haddace waƙoƙin Indiya tun kana firamare?

Baban Hanifa:
Ni abin da nake so in sani, cikin masu ba da shawarar nan wa yake da garmaho a ɗakinsa? Wanda yake Manchesta bai san zafin Afrilu ba, Ɗan Abzin kuma ɗan garinsu yake tallatawa. Ni ne na saka kuɗina na ga yadda ta kaya.

Ɗan Abzin:
Alhaji, kai faifanka ko waƙa ɗaya bai gama ba. Tambayar yaron ita ce wanne ba ya gundura bayan wata shida. Ta yaya za ka amsa?

Malam Na Rediyo:
Ku yi haƙuri da juna. Shekara 31 ina gyaran kayan sauti. Yaro, The Cure sun yi shekara 16 ba su fitar da kundi ba kafin wannan, waƙa takwas ce, ta farkon sai an yi fiye da minti uku ana kiɗa kafin murya ta shigo. Mai gaggawa ba zai iya da shi ba, mai makoki zai iya. Amma abin da ya tsaya min a rai faya-fayan mahaifinka ne. Guda nawa ne? Ka rufe su a wuri mai kyau. Na sha ganin magada sun kwashe akwati guda sun ba 'yan gwangwan a kuɗin cefane.

Hajiya Ta Landan:
Wallahi namu haka aka yi. Muna zaman bakwai ƙanin Babanmu ya share ɗakin, ya ce tarkace ne. A nan kuwa na shiga wani shago na ga tsohon faifan Najeriya a cikin gilashi, kuɗinsa ya fi na sababbin nan uku a haɗe. Na tsaya ina kallo hawaye na zuba.

Basakkwace:
Akwai masu bi gida-gida suna saye da arha su fitar waje. Mu kuma in muna neman tsohuwar waƙar Shata sai mu ɓige da wadda aka kwafa daga kaset, duk shuuu ta cinye kalangun.

Ɗan Tudun Wada:
Malam, 43 ne, na ƙirga, suna cikin akwatin ƙarfen Baba. Yaya ya sake kira ɗazu, gobe zai shiga gari sayayya. The Cure da Mdou sun shiga. Na ukun fa, Billie ko Romance?

Malam Na Rediyo:
Akwatin ƙarfe? A kwance ko a tsaye? Fito da su yau ɗin nan, ka faɗa min wanne da wanne ne na Shata a ciki.