Na ci amanar maigidana, ya rasu ban faɗa masa ba. Allah ya yafe mini kuwa?

Ɗan Binuwai, Garwa

Salama a gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu. Abin da zan rubuta nan ko matata ba ta sani ba.

A 2009 ni yaron shago ne a hannun wani Alhaji mai sayar da atamfa a babbar kasuwar Garwa. Musulmi ne, ni Kirista, amma kwano ɗaya muke ci da 'ya'yansa. Wata rana ya aike ni Gaundere karɓo bashi, sefa 150,000. Lokacin 'yan fashin da ake kira zargina suna tare hanya, kowa ya san haka. Sai na ɓoye kuɗin, na yaga rigata, na dawo na ce an tare mu. Bawan Allahn nan bai tambaye ni komai ba. Ya ce tunda na dawo da raina shi ke nan, har ya ba ni kuɗin magani. Da kuɗinsa na sayi babur ɗin da na fara acaɓa, da babur ɗin na yi aure.

Ya rasu bara da damina. Na je gaisuwa, babban ɗansa ya rungume ni yana cewa Baba ba ya gajiya da yabon amanata.

Na roƙi gafara wurin Allah ba sau ɗaya ba, ba sau ɗari ba. Kowace Lahadi fasto yana furta gafarar zunubai, ina cewa amin da kowa, amma ranar Jibin Ubangiji, da ake raba gurasa da ƙoƙo don tunawa da Yesu, sai in sulale waje kamar ana kirana a waya. Shin an yafe mini, ko sai na biya tukuna? In kuma sai na biya, wa zan ba, tunda mai kuɗin yana ƙasa?

Dattijon Marwa

Ɗana, tambaya biyu ka haɗa, raba su.

Ta fari: gafarar Allah ba ta sayarwa ba ce, ko da sefa miliyan. 1 Yahaya 1:9 ya ce in mun bayyana zunubanmu, shi mai aminci ne, mai adalci, zai gafarta mana. Amincin da ayar ta dogara a kai nasa ne, naka da nawa sun riga sun karye. Dawuda ya ɗauki matar Uriya, ya sa aka kashe mijin a bakin daga, amma da ya ce wa annabi Natan ya yi wa Ubangiji zunubi, nan take aka ce masa an kawar da zunubin. Uriya kuwa yana kabari, babu halin neman yafewarsa. Mutuwar Alhaji ba ta rufe maka ƙofa ba.

Ta biyu: kuɗin nan har yau ba naka ba ne. Buɗe Luka 19 ka lura da yadda abin ya jeru. Yesu ne ya fara cewa yau a gidan Zakka zai sauka, daga baya Zakka ya miƙe ya ce zai mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu. Karɓar da aka yi masa ce ta saki hannunsa. Littafin Ƙidaya 5 ma ya yi maganar irin halinka: a furta laifi, a mayar da abin duka, a ƙara kashi ɗaya cikin biyar, sai in babu dangi ne ake kai wa firist. Alhaji yana da magada. A wannan lissafi 180,000 ke nan.

Baƙon Injamena

Baba, ku gafarce ni, amma ina jin tsoron shawarar nan. In ya je ya faɗa da bakinsa, wani cikin 'ya'yan zai iya kai shi wurin jandarma, gobe kuma kasuwa ta ɗauka cewa ga halin yaran Kirista. Ya tura kuɗin ta hannun wani, ba suna. Hakki ya koma wurin masu shi, asiri ya rufu.

Maman Zumunta

Asirin wa za a rufa? Yaron nan ba kuɗi kaɗai ya ɗauka ba, ya karɓi yabon da ba nasa ba ne, kuma shi ne yake hana shi barci. Kuɗi a ambulan ba zai cire wannan ƙaya ba. Maganar sunan Kirista kuwa, ni ban ga abin da zai ɗaga shi kamar mutum ya zo da ƙafarsa ya mayar da abin da ba wanda ya san ya ɗauka ba.

Amma ɗana, kada ka tafi kai kaɗai, kuma kada ka fara da gidan Alhaji. Fara da matarka, don abincin gidanku ne zai ragu. Sannan fastonka. Ku nemi dattijo ɗaya da gidan suke jin nauyinsa, ya yi muku jagora wurin babban ɗan, a keɓe. Cikin magadan nan wataƙila akwai ƙanana da gwauruwa, kuɗin zai yi musu rana. In sun yi fushi, hakkinsu ne, ka haɗiye. Ranar Jibi kuma ka daina fita waje. Bitrus da ya yi musun Ubangiji sau uku, a bakin teku aka ce masa ya zo ya karya kumallo.

Ɗan Binuwai, Garwa

Na gode Baba, na gode Mama. Ɗan'uwa na Injamena, tsoron da ka faɗa shi ne nawa tun 2009, kuma bai tafi ba. Ina da 60,000 a adashe, zan kwasa ƙarshen wata, sauran zan roƙi su bar ni in biya kaɗan-kaɗan. Yau da dare in yara sun kwanta zan faɗa wa matata. Ku sa ni a addu'a, don ban san ta inda zan fara mata ba.