Abin da iyaye mata suka ce kan littafin girki

A wajen sunan da muka je Unguwar Rogo a Jos, wata ma'aikaciyar jinya ta koka cewa tana tashi daga aiki a gajiye, ga yara uku, girkin ma ba ta saba ba. Wane littafi za ta saya?

Yawancin iyaye matan da ke wurin suka ce ta duba ma'auni tukuna. Littafin da ke auna gari da giram wahala zai ƙara mata. Ta nemi mai cewa gwangwanin madara, cokali, ludayi. Kayan haɗin kuma su kasance waɗanda za ta samu a kasuwar Farin Gada: dankalin Turawa, kabeji, karas, tattasai.

Wata dattijuwa ta yi dariya, ta ce, "'Yata, sayi littafin rubutu kawai." Wato ma'aikaciyar jinyar ta zauna kusa da mai gwaten acca ko dafa-duka, ta rubuta komai, har lokacin zuba gishiri. Ni ma nan na fi karkata.

Kan lokaci kuwa, aka ce ranar Lahadi ta niƙa kayan miya da yawa, ta tafasa har ruwan ya ƙone, ta soya da mai. In wuta ta ɗauke, ta riƙa ɗumamawa safe da yamma.