PTH ɗin Baban Khalifa ya haura 900, ina neman shawara

Maman Khalifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya muka karɓo sakamakon gwajin maigida, PTH ɗinsa, wato sinadarin jiki mai daidaita kalsiyam a jini, 940 ne. Shekara biyu ke nan yana wankin ƙoda. Ƙaiƙayi ya hana shi barci, da muciya yake sosa bayansa, da safe sai in ga ɗigon jini a rigarsa. Gwiwoyi ma sun matsa masa, yanzu a zaune yake sallah. Khalifa ya karanta a intanet cewa akwai gwajin ƙwayar gado mai karɓar bitamin D, wai ita ke sa na wasu ya hau haka. Mu nemi kuɗi mu yi?

Baban Ummi: Wa'alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, Hajiya. Fosfet ɗinsa, wato sinadarin abinci da ke taruwa a jini idan ƙoda ta gaza, nawa ne a takardar?

Maman Khalifa: 7.8 suka rubuta.

Anti Nas: Sannu Hajiya, Allah ya sauwaƙe. Abin da Khalifa ya karanta yana da tushe. Ƙwayar gadon sunanta VDR, tana kan kuromosom na 12, kuma mutane sun bambanta a wasu gurabenta, irin su BsmI da FokI. A shekarun 1990 likitoci a Sifen da Japan sun ga alamar cewa masu nau'in BsmI da ake kira bb sun fi samun hauhawar PTH. Wasu da suka bi sawu daga baya sakamakonsu bai zo ɗaya ba, shi ya sa har yau babu likitan ƙoda da ke jiran wannan gwajin kafin ya rubuta magani. Ko kin yi, maganin da za a ba shi ba zai canza ba. Ki adana kuɗin.

Ga yadda abin yake: a bayan maƙogwaro akwai 'yan halittu huɗu, kowacce kamar ƙwayar shinkafa, su ke fitar da PTH. Ƙoda ce ke mayar da bitamin D ya zama mai aiki. Idan ta gaza, kalsiyam ya sauka, fosfet ya taru, sai halittun nan su yi ta fitar da PTH yana zare kalsiyam daga ƙashi. Mai yiwuwa ciwon gwiwar nan daga nan yake. Ƙa'idar 2017 ta KDIGO, ƙungiyar duniya mai tsara ƙa'idojin kula da ciwon ƙoda, ta ce a riƙe PTH na mai wanki tsakanin ninki 2 zuwa 9 na iyakar mai lafiya, wato kusan 130 zuwa 600. Nasa ya wuce, a nuna wa likitansa a zaman wanki na gaba.

Malam Isyaku: Hajiya, ki duba yadda yake shan maganin kama fosfet. Ni wata shida ina haɗiye kalsiyam kabonet da asuba tare da sauran ƙwayoyi, ciki babu komai. Ashe a tsakiyar cin abinci ake sha, don ya kama fosfet ɗin tun a hanji. Babu wanda ya faɗa mini a inda nake wanki. Yanzu kwalbar tana gefen kwanon tuwo.

Maman Khalifa: Innalillahi. Shi ma da asuba nake ba shi.

Hajiya Yaya: Ƙanwata, ki raba shi da baƙin lemon kwalba da abincin gwangwani, fosfet ɗin da ake zubawa a cikinsu kusan duka jiki ke zuƙa. Nono da madara a rage. Wake da gyaɗa nasu bai shiga jiki kamar wancan, amma a auna. Kada ki hana shi nama da ƙwai gaba ɗaya, mai wanki na buƙatarsu.

Baban Ummi: Ni an sa mini alfakalsidol, wani nau'in bitamin D, ya sauko da PTH ɗina sosai.

Anti Nas: Alhaji, kai fosfet ɗinka ya daidaita kafin a fara. Maganin yana ƙara zuƙo fosfet da kalsiyam daga hanji, don haka a 7.8 kada a saya masa a kemis. Akwai sinakalset mai sauko da PTH, amma shi kuma yana saukar da kalsiyam, sai da bibiyar gwaji. Idan duk sun ƙi, akwai tiyatar cire halittun. Hajiya, sau nawa yake wanki a sati?

Maman Khalifa: Sau biyu, wani satin ɗaya in kuɗi sun yanke.

Anti Nas: To kuɗin gwajin nan a zuba shi a wanki, a maimaita fosfet bayan wata guda.

Maman Khalifa: Na gode ƙwarai. Yau da tuwon dare zan fara ba shi. Ranar Laraba zan shiga wajen likita da takardar.