Banza ba ta kai zomo kasuwa: muhawara a kan janareto mara mai

Ɗan Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Dan Allah wata magana ce ta tsaya min a rai tun jiya. Ƙanena ya shigo gida da zumuɗi wai ya ga wani yana tallan janareto mara mai, ba fetur ba gas ba sola, ka kunna kawai ya yi ta baka wuta, har yana shirin bada kafin alƙalami. Baba na kishingiɗe a zaure ko ɗago kai bai yi ba sai cewa yayi "banza ba ta kai zomo kasuwa". Ni a fahimtata nufinsa yaro ya tashi ya nema, sai da wahala ake samu. Shi kuma ƙanen nawa yace a'a nufin Baba akwai lauje cikin naɗi, wai zomo baya zuwa kasuwa haka kawai sai da dalili. Mun yi ta musu har isha'i kuma nauyin Baba ya hana mu koma mu tambaye shi. Wanne ne daidai?

Tsohon Malamin Hausa:
Wa alaikumus salam ɗana. Taka ta fi kusa. Duk zomon da ka gani a kasuwa wani ne ya fita farauta da kare da kere, ya sha rana ya sha ƙaya kafin ya kamo shi, shi yasa take tafiya da 'yar uwarta "kowa ya ci zomo ya ci gudu". Ana faɗa wa malalaci, ana kuma faɗa wa mai son a bashi abu kyauta. Abin da ƙanenka ke nufi yana da tasa karin maganar daban, "ruwa ba ya tsami banza".

Bakanike Ƙofar Ƙaura:
Allah gafarta malam ni dai a gareji duka biyun muke amfani da ita wlh. Kuma wannan janareton na taɓa kwance irinsa da hannuna, batir ne a ɓoye yana juya ɗan injin lantarkin da muke kira mota, motar tana juya altaneta mai samar da wuta, altaneta tana maida caji cikin batir ɗin, zai yi aiki awa ɗaya ko biyu gaban mai saye daga nan batir ya mutu shikenan. To kaga dalilin da ya kawo zomon shine batir, gudun kuma shi mai caja batir ɗin ya yi shi a gida da wutar nefa.

Malamin Kimiyya Dutsinma:
Na ji daɗin wannan zancen sosai don kullum ina neman yadda zan sa ɗalibai su riƙe wannan darasin kuma ga shi Baba ya gama shi a jimla ɗaya. A ilimin zafi da motsi doka ta farko tana cewa makamashi ba a ƙirƙirarsa daga babu, juyawa kawai yake daga wata siffa zuwa wata. James Joule a Manchester ta Ingila shi ya auna wannan a shekarun 1840, ya rataya nauyi yana saukowa yana juya filafili cikin ruwa, ruwan ya ɗumama, ya nuna aiki kaza daidai yake da zafi kaza ba ƙari ba ragi. Injin mota ko na niƙa ko na ban ruwa a fadama duk akasin haka suke yi, zafi suke maidawa aiki. Fistin ya sauka ya zuƙo iska da fetur, ya hau ya matse su, fulogi ya bada tartsatsi su kama da wuta, iskar da ta yi zafi ta kumbura ta tunkuɗa fistin ƙasa da ƙarfi, sannan ya sake hawa ya koro hayaƙi ta salansa. Cikin bugu huɗun nan guda ɗaya ne kacal ke bada ƙarfi, sauran ukun ci suke daga abin da ya bari a jikin babban faifan ƙarfen da ke juyawa. Bajamushe Nikolaus Otto ya haɗa irin wannan injin a 1876. In ba wuta a ciki ba mai tura fistin. Tun 1775 majalisar masana kimiyya ta Faransa ta daina karɓar zanen injin da wai zai yi ta juyawa da kansa, saboda sun gaji da dubawa.

Hajiya Mai Injin Niƙa:
Malam ni kuma ga inda nike da ja. Na yarda banza bata kai zomo kasuwa, ai ni nike sayen gas kullum da kuɗina. Amma abin da ke ci min rai, na biya kuɗin zomo sukutum sai a bani cinya ɗaya. Injina akwai duro na ruwa a gefensa, kafin azahar ruwan nan ba ka iya sa hannu a ciki, bututun hayaƙi kuwa ɗiyata ta taɓa ƙonewa da shi har yau tabon na nan. Wannan zafin duk ba gas ɗina bane ke tafiya a iska? To karin maganar nan bata faɗi wannan ba, ta ce ka yi gudu ka samu zomo, bata ce in ka yi gudun ma rabi zaka samu ba.

Malamin Kimiyya Dutsinma:
Hajiya wallahi kin taɓo doka ta biyu, kuma ita ce mai wuyar haɗiyewa. Wani matashin injiniya Bafaranshe Sadi Carnot ya rubuta ɗan littafi a 1824 yana da shekara 28, ya ce zafi kamar ruwa ne a gangare, ba ya aiki sai yana saukowa daga wuri mai zafi zuwa wuri mai sanyi. Ya yi kuskure da ya ɗauka zafin duka yake fita ta ƙasa ba ya raguwa, Rudolf Clausius ya gyara wannan a 1850, amma maganar gangaren ta tsaya har yau. Injin dole ya zubar da wani kaso na zafin a wuri mai sanyi kafin fistin ya iya dawowa ya sake zagaye, in iskar ciki bata fita ko ta huce ba da me zai matse sabuwa? Duron ki da bututun hayaƙin su ne ƙasan gangaren.

Har lissafi akwai na iyakar kason zafin da inji zai iya maidawa aiki. A ƙara 273 a kan digirin da muka saba, sai a raba tazarar zafi da sanyi da zafin sama. Tururin tukunya digiri 100 wato 373, iskar Katsina a watan Afrilu digiri 40 wato 313, tazara 60, a raba da 373, kashi 16 cikin 100 ke nan, kuma wannan injin da ba shi da aibi ko ɗaya ne. In tururin ya kai digiri 500 iyakar ta hau kusan kashi 60. Shi yasa injin gas ya fi na fetur auki, yana matse iska ninki 14 zuwa sama da 20 har ta wuce digiri 500 ta kunna man da kanta ba fulogi, Rudolf Diesel ya tada nasa a 1897. Injin fetur na mota kwata zuwa sulusi yake maidawa aiki, sauran lagireto da salansa suke rabawa. Lita ɗaya ta fetur tana ɗauke da zafin da ya kai kusan yunit 9 na mitar wuta, ƙaramin janareto da ƙyar ya baka 2.

In ana neman karin maganar wannan ni sai in ce "rabon kwaɗo ba ya hawa sama", rabon sanyi ne dole ya gangaro masa.

Tsohon Malamin Hausa:
A'a malam a nan kam ban bi ka ba. Wannan maganar ta rarrashi ce, ana faɗa wa wanda yake ganin abu ya fi ƙarfinsa, cewa abin da Allah ya rubuta masa zai same shi inda yake. Kwaɗon shine mutumin da ake tausasawa. Kai kuma ka maida kwaɗon duron ruwa, Hajiya ta zama wadda aka ƙwace wa. In ɗalibi ya ji ta a bakinka haka gobe zai faɗe ta a gidan gaisuwa ba a muhallinta ba. Ta farkon ta zauna daram a kan injin don ma'anarta bata canja ba, wannan kuwa ka tanƙwara ta.

Malamin Kimiyya Dutsinma:
Na karɓi gyara ranka ya daɗe, kalmar hawa sama ce ta ja ni. Ba zan kawo ta a aji ba sai dai in kawo misalin gangare kawai.

Bakanike Ƙofar Ƙaura:
Amma fa Hajiya kar a ɗora wa doka komai, akwai asarar da ba dole bace. Ringi ya cinye matsi na zurarewa, nozul ya toshe gas na fita baƙin hayaƙi bai ƙone ba, bel ya saki yana zamewa, matatar iska ta cika da garin masara, duk wannan kuɗinki ne kuma ana iya tare shi. In kin ga hayaƙin ya yi baƙi ƙirin a fara duba matatar iska da nozul.

'Yar Daura:
To sola fa yayyena? ba banza bace take kawo zomon?

Malamin Kimiyya Dutsinma:
Ƙanwata can ma akwai wutar, rana ce, fuskarta ta kai wajen digiri 5,500. Ba ke kika hura ta ba shi yasa kike ganin kyauta ce, amma dare na yi ko hazo ya rufe ai kin ga yadda cajin ke ja baya.

Hajiya Mai Injin Niƙa:
Bakanike baƙi yake kuwa tun bayan sallah, gobe in sha Allah zan sa a kwance matatar. Ruwan duron kuma tunda an ce ba makawa sai ya yi zafi, daga yau da shi za a riƙa wanke buhuna da robobin markaɗe, na daina hura itace don wannan.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Na gode ƙwarai iyayena da yayyena Allah ya ƙara sani. Na karanta wa ƙanen nawa duka, har yanzu yana cewa tasa fassarar ma tana da ƙamshin gaskiya tunda batir ɗin ɓoye ne, amma bai bada kuɗin ba. Mun shirya ran Asabar zamu je tare da Bakanike, mu ce mai janareton ya cire batir a gabanmu sannan ya jona masa dutsen guga.