Ƙurajen fuska sun dawo min bayan na haura 30

Maman Biyu, Aboabo:
Salamu alaikum 'yan uwa. Shekaruna 34, ina sayar da atamfa a kasuwar Kejetia a Kumasi. Rabona da ƙuraje tun ina 'yar makaranta, sai ga su sun cika min haɓa da kumatu, wasu har da ruwa. Wata 4 ke nan ina shafa wani mai da wata maƙwabciya ta haɗa min don haske. Kullum ina dirza fuska da baƙin sabulun alata samina sau uku, abin sai gaba yake yi. Me zan yi?

Hajiya Mai Waakye, Asawase:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, man nan ne. Da yawa daga cikin haɗe-haɗen hasken fata akwai sinadarin sitiroyid a ciki, shi ke fito da ƙuraje bayan ya yaudare ki da sheƙi. Ni ma na sha wannan wahalar. Ki nuna wa likita kwalbar, don in an bari farat ɗaya fuska kan yi ja da ƙaiƙayi.

Ɗan Nima:
Anti, dirzar ma tana ƙara tsokano su. Wanki sau biyu ya isa, da hannu, ban da soso. Ki nemi maganin shafawa benzoyl peroxide mai kashi 2.5 a kemis, ki fara kaɗan da dare. Sai an yi sati 6 zuwa 8 ake ganin canji. Yana cin launin tufafi, kar ya taɓa atamfofinki.

Hajiya Mai Waakye:
Kuma ki daina matsewa, baƙin tabon ya fi ƙurjin daɗewa. In kina da ciki ki faɗa wa likita tun farko. Akwai likitocin fata a asibitin Komfo Anokye.

Maman Biyu:
Na gode Hajiya. Litinin yarinyata za ta tsare min shago in je.