Uwa mai taimako a aji: tana da bakin gyara wa malama?

Shugaban PTA: Assalamu alaikum. Maganar Hedimasta a taron Asabar ta tayar da ƙura. Ya ce iyayen da ke zuwa taimako su tsaya kan raba littattafai, kai yara bayi da tsare layin abinci, koyarwa kuwa ba ruwansu. Kowa ya faɗi nasa, cikin ladabi.

Maman 'yan biyu: Ni dai ban yarda ba. Malama ta rubuta 7 x 8 = 54 a allo, yara suna ta kwafa. Sai in zuba ido?

Malamar aji 3: Hajiya, da kin matso kin raɗa min, da na goge na yi miki godiya. Amma daga bayan aji kika ɗaga murya. Har yau in na yi rubutu sai yaran su waiwaya su ga ko kin yarda.

Baban Abba: Gaskiyar malama. Ba a banza aka ce sai mai NCE zai koyar a firamare ba, ga rajistar TRCN, hukumar rajistar malamai da dokar 1993 ta kafa. In sakamako ya lalace, wa sufeto zai kama? Ba Hajiya ba.

Maman 'yan biyu: Alhaji, takarda ba ta hana kuskure. Kuma kwamitin SBMC, na kula da makaranta, da gwamnati ta kawo, ai don jama'ar gari su sa ido ne.

Baban Abba: Su sa ido kan rufin da ke yoyo da malamin da ba ya zuwa. In akwai ƙorafi, ofishin Hedimasta na nan.

Hajiya Babba: Kun bar babbar matsalar. An ba wata uwa jan biro ta duba littattafai ta sa maki, washegari a gidan suna kowa ya san ɗan wa ya ci sifili. Uwar yaron har kuka ta yi. Ni da a hana su taɓa littafin ɗan wani ma.

Malamar aji 3: Hajiya, in an hana, wa zai taya ni? Ajina har ƙasa yara ke zama, hannuna biyu ne.

Hajiya Babba: To a tura kowace uwa ajin da ba ɗanta, kuma maki ya zama na malama ita kaɗai.

Maman 'yan biyu: Ni don 'ya'yana nake rufe shago in zo. In an kai ni wani aji, gara in zauna in yi cinikina.

Shugaban PTA: Hedimasta ya ce yana karantawa, zai amsa bayan La'asar.