Neman taimako: raba ƙidayar kirinjijiya iri biyu cikin hazo

Assalamu alaikum, masu ƙidayar tsuntsayen ruwa. Matsala ce ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a ƙidayar watan Janairu a fadamar Haɗejiya zuwa Nguru, musamman wajen Dagona.

Kirinjijiya (wata irin agwagwar daji) mai farar fuska da 'yar'uwarta mai ruwan ƙasa-ƙasa kan sauka garke guda. Jimilla ba ta da wuya: a ƙirga 50, a riƙa auna sauran garken da wannan gungu. Rabewar ce aiki. Da safe hazon hunturu na shafe launi. Rana na ɗagawa kuma, hucin zafi ya sa hoto rawa a madubin hangen nesa, ƙarfin kusantowa ninki 60 ba ya aikatuwa sai an sauko 30, a nan kuma fuska ba ta fitowa. Farar fuskar ma ba abin dogaro ba ce, laka na dafar da ita, ta ƙananan kuwa toka-toka ce. Ga kachala, doguwar ciyawar ruwa, ta tare gefen garken.

Farin zane mai siffar baka da ke gindin wutsiyar mai ruwan ƙasa na raba gardama, amma sai ta tashi, kuma tayar da garke ɓata ƙidaya ne. Kuka ma, na mai farar fuska uku-uku, na mai ruwan ƙasa biyu-biyu, cakuɗewa yake.

Shin a rabe gungu biyar na kusa a ɗora kasonsu kan jimilla, ko a rubuta na nesa "ba a tantance ba"? Na farkon na ba ni shakka, don na bakin ruwa ba lallai su wakilci na tsakiya ba. Waɗanda suka yi horo a APLORI, cibiyar binciken tsuntsaye ta Jos, wanne kuke bi?